Jan Faifan Kingsley

Tun ranar da ɗana na fari ya ajiye karatun haɗa magunguna ya ce shi aikin gyaran sauti zai yi, zama bai ƙara daɗi tsakanina da shi ba. Ya kwashe kayansa daga gidanmu na unguwar Barking a London ya kama ɗaki can a Lewisham. Sai da Sallah muke ganinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya shige kicin wurin uwarsa, in ji su suna ƙus-ƙus suna dariya, in zai tafi ya leƙo falo ya ce sai an jima. Haka muka yi shekaru. Ni kuma ba na bin yaro.

Sunansa Abdul-Basit. Rubutawa na yi, ba faɗa ba. Bakina bai taɓa kiran sunan nan ba tun ranar da aka raɗa shi. A wurinmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a wasa da shi gaban mutane. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifina ya rasu a Malumfashi "kai" yake ce min, in kuma yana ba wani labarina ya ce "wancan". Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba. A gidana ma Hansai matata Baban Zubaida take kirana, da sunan ƙanwarsa.

Wani tsohon faifai ne ya dawo da shi gidan.

Na zo London a 1988, ina direban wani ma'aikacin gwamnati. Ya gama wa'adinsa ya koma, ni na zauna. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi gadi, daga baya na samu wata tsohuwar farar van ina ɗaukar kaya. A nan na haɗu da Kingsley. Ubansa mutumin Jos ne, uwarsa 'yar Jamaica, a Lewisham aka haife shi. Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana da zagi guda biyu ba. Sunana Uwaisu ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya mayar da ni Waz. Ya ɗauke ni in riƙa kai masa sifikoki, wasu manya da sun kai firji tsawo.

Abin da yake yi a ɗakinsa a gidan uwarsa, da farko ni ɓarna na ɗauke shi. Sai ya samo tsofaffin fayafayan baƙaƙen Amurka, ya nemi daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru, masu busa suka yi shiru, aka bar mai ganga shi kaɗai. Ɗan guntun nan zai yanko ya zuba a wata na'ura mai kama da akwatin ƙarfe, ya ƙara masa gudu, ya sa shi ya yi ta maimaita kansa. Sannan ya shimfiɗa wani gurnani a ƙasa, wanda ba kunne ke jin sa ba, ƙirji ke ji. Breakbeat suke ce masa. Na ce masa wannan ai sata ce. Ya ce ba sata ba ce, ɗinki ne. Na ce ɗinki da yadin mutane. Haka muke yi kullum a mota.

A lokacin ba a gidan rawa ake yin abin ba. Tsohon sito, ko gonar wani Bature can bayan babban titin da ya zagaye London. Ba a sanar da wurin. Gidan rediyon ɓoye da ke saman wani dogon bene zai ba da lambar waya, a kira a ji inda za a haɗu, yawanci gidan mai, daga nan motoci su ɗauki hanya a jere, 'yan sanda na bi suna neman inda aka nufa. Da na fara kai kaya 'yan ɗaruruwa nake gani. Kafin shekara ta zagayo sun zama dubbai. Baƙaƙe da farare, har da 'yan ƙwallon da ke fasa wa juna kai ranar Asabar, duk wuri guda suna tsalle da usur a baki. Rave ke nan. Ni ban taɓa taka rawa ba, ban kuma sha abin da suke sha ba. In na sauke kaya na tayar da janareta sai in kulle kaina a mota. In gari ya waye in yi sallah a bayan van, in fara lodi, ina kallon 'ya'yan mutane suna fitowa idanu zuru-zuru.

Wata rana ina ƙoƙarin yin baya da mota a ƙofar wani sito, mutane sun tare hanya, na leƙo da kai na daka musu tsawa da Hausa, na ce ku matsa mana. Ashe Kingsley na riƙe da rakoda. Da faifansa ya fito a 1992, mai jar riga, a waƙa ta uku sai ga muryata, an yanyanka ta an jera kan ganga. Ku matsa, ku-ku-ku matsa mana. Da idona na ga fili cike da Turawa suna faɗin haka ba su san me suke cewa ba. Na yi fushi na ɗan lokaci, sannan na bar shi. Faifan yana da suna na Turanci, amma mu jan faifai muke ce masa.

Daga baya gwamnati ta tsananta doka, abin ya koma gidajen rawa masu lasisi. Ni kuma na je gida na yi aure, na samu aikin raba kayan ɗaki, muka rabu da Kingsley ba faɗa. Ban ɓoye wa yarana wannan labarin ba, ban kuma ba su ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Bara wani ƙaramin kamfani ya ce zai sake fitar da jan faifai. Asalin zaren kaset ɗin da aka ɗauki kiɗan a kai yana saman silin na gidan uwar Kingsley tun wancan zamanin, sanyi da damshi sun sa ya manne wa kansa. Wurare biyu suka duba suka ce ya mutu. Na uku shi ne inda yaron nan yake aiki. Sai da ya gasa zaren a wata 'yar tanda da zafi kaɗan-kaɗan kafin ya yarda ya juya, sannan ya zauna watanni yana cire masa datti. Yana cikin haka ya ji muryar da ta yi shekaru tana tashinsa makaranta.

Wata Talata da yamma, ba Sallah ba komai, sai ga shi. Bai wuce kicin ba. Ya zauna a falo, ya ajiye waya kan tebur ya kunna, ya tambaye ni da Turanci ko ni ne wannan. Na ce wa ya ba shi. Ya ce Kingsley na gaishe ni.

Daga nan kowace Lahadi sai ya zo da tambayoyi. Wane irin janareta ne, ina ake ajiye sifikoki, mutum nawa van take ɗauka. Na ɗauke shi a mota na nuna masa wuraren da sitocin suke, yanzu duk an rushe an gina flat masu tsada. Muka sayi kifi da dankali muka ci a cikin mota, abin da ban taɓa yi da shi ba. Har Hausa ya fara gwadawa, yana yi yana tuntuɓe, ni ina yi kamar ban lura ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma tun daga Juma'a nake fara jiran Lahadi. Hansai ta gane. Wata rana tana kwashe kwanuka ta ce, "Baban Zubaida, yaron nan ya dawo da ƙafarsa. Kada ka kore shi da bakinka." Na ce mata ni ba mahaukaci ba ne.

Da faifan zai fita, wani ƙaramin gidan rediyo na intanet da ke ƙarƙashin wani gini a Marylebone ya shirya hira, Asabar da rana. Kingsley, da yaron, da ni. Na ce ba za ni ba, ni ba mawaƙi ba ne, tsawa kawai na yi wa mutane. Yaron ya ce da Hausa, "Baba, don Allah. Ni ina so ka zo." Tun yana ƙarami bai taɓa roƙona komai ba. Ranar na sa farar shadda da hula na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ɗakin cike yake da Turawa sa'annina, masu sanƙo da tumbi da tabarau. Na tsaya ina kallonsu, na ce wato waɗannan ne yaran da nake gani da safe idanu zuru-zuru. Wasu sun zo da tsohon faifan a leda don a sa musu hannu. Wani ƙato ya rungume ni ya faɗa min ku matsa mana a fuska, ya ce har a bikinsa an sa waƙar. Kingsley ya yi furfura, kunnensa ɗaya ya mutu, sai ka koma ta damansa kake masa magana. Ya kalli shaddata ya ce da a haka nake tuƙa van da 'yan sanda ba su taɓa tsayar da mu ba. Na ce da shi ma yana wanka a lokacin da an rage tsayar da mu.

Mai hirar wata Baturiya ce mai gajeren gashi da fara'a. Ta fara da Kingsley, ya ba da labarin yadda kiɗan ya faro da yadda ya yi 'ya'ya da jikoki, kowanne da sunansa. Sannan ta juyo kaina. Na ba su labarin ranar da tayar mota ta nutse a gona, da ranar da wani ɗan sanda ya taya ni ɗaukar sifika bai san ta rave ba ce. Mutane suka yi ta dariya, bakina ya buɗe. Na yabi Kingsley, na ce ban taɓa ganin mai aiki kamarsa ba, bai taɓa cutata ba, kuma yana girmama uwarsa. Na yabi matar, na ce ta iya tambaya. Har van ɗin na yaba.

Sai ta nuna yaron. Ta faɗa wa mutane yadda aka ce zaren ya mutu, da yadda wannan saurayi ya tashe shi. Aka tafa, ya sunkuyar da kai. Ta ce abin da ya fi mata daɗi a labarin shi ne ɗana ne, na fari kuwa. Ta tambaye ni me na ji a raina da na saurari aikin da ya yi.

Duk ɗakin ya zuba min ido, ga kyamara a gefe. Abin da ya zo min shi ne abin da zai zo wa duk wanda aka haifa inda aka haife ni. Taron baƙi, ana tafa wa ɗanka na fari, an ce kai ma ka ƙara a kai. Ai sai ka kare shi daga bakin mutane, ka kare kanka daga zama maroƙin gidanka. Na kawar da kai, na yarfa hannu ta gefensa.

Na ce, "This one? He don't know anything. Useless boy."

Wato bai san komai ba, yaron banza ne. Wasu suka yi 'yar dariya, irin ta wanda bai tabbata ko wasa ake ba. Matar ta ba ni hanya ta biyu. Ta yi murmushi ta ce ta san zolaya nake, ai dole ina alfahari da shi. Na ce ta bar maganarsa ta tambaye ni wani abu mai amfani. Kingsley ya yi tari ya ce a sa waƙa ta uku.

Ban kalli inda yaron yake ba, don ba a kallo. Kuma wallahi a lokacin daɗi nake ji. Gani nake na yi abin da ya dace a tsakiyar London, ban zubar da tarbiyyar gidanmu ba.

Da aka tashi na tsaya a bakin titi ina jiransa mu tafi tasha tare. Kingsley ne ya fito. Ya ce yaron ya tafi tun ana waƙar. Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba, sannan ya tambaye ni me ya sa na yi haka. Na ce shi ba zai gane ba, al'ada ce. Ya ce ya gane sarai, don ubansa haka ya yi masa har ya koma Jos. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa faifan ya yi kyau ba, alhali daga baya an gaya masa a jakarsa yake yawo da shi yana nuna wa mutane. "Waz, da ya mutu ko jana'izarsa ban je ba," ya ce. Ya juya min mataccen kunnensa ya koma ciki.

A gida Hansai ta riga ta saurara a waya ita da Zubaida. Ta ajiye min abinci ba ta ce sannu da zuwa ba. Ni na fara magana, da ƙarfi kuma. Na ce me ake so in yi, in zauna gaban Turawa ina wasa ɗana kamar mai neman a yi masa liƙi? Na ce ita ma ai ta san yadda ake yi. Ta bar ni na gama. Ita ta daɗe da ajiye wannan kunyar, tun yaron yana makarantar reno malamarsa ta tambaye ta me ya sa ba ta rungumarsa in ta zo ɗaukarsa. Daga ranar ta fara ce masa Basi, ni ina ganin lalacewa ce.

Ta ce, "A Malumfashi in ka ce ɗanka bai san komai ba, duk wanda ke zaune ya san abin da kake nufi, har shi ɗan. A ɗakin can wa ya sani? Gaban mai gidansa ka faɗa, gaban waɗanda za su ba shi aiki gobe."

Na ce shi ai ya sani. Ta ce in ya sani ina yake.

Lahadi bai zo ba. Zubaida ta nuna min a wayarta an yanko daidai wurin ana yaɗawa. Ga ni da farar shadda ina yarfa hannu, ga fuskarsa a gefe. Wannan ne karon farko da na ga fuskar. Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. Murmushi ya yi, irin wanda yaro ke yi in an mare shi gaban abokansa. Mutane sun yi ta rubutu a ƙasa, Zubaida ta fara karanta min, na ce ta bari.

A masallacinmu na Barking kuwa yabo na sha. Waɗanda suka gani suka yi ta dariya, suka ce haka ake yi, Malam Uwaisu bai bar gida ba. Da a makon farko ne da na ji daɗi. Yanzu kowane yabo kamar ana ɗora min dutse.

Sai na ƙara wani kuskuren. A wurinmu uba ba ya zuwa ba ɗa haƙuri, aike ake yi. Na samu Malam Baha'uddeen, dattijon da ke limanci in liman ba ya nan, na roƙe shi ya je Lewisham ya yi wa yaron bayani. Ya je. Yaron ya ba shi shayi, ya saurare shi, ya raka shi har wurin bas. Malam ya dawo yana murna, ya ce an daidaita, ya ce har ya ɗan ƙara masa da nasiha kan hukuncin kiɗa tun da dama ta samu. Na riƙe kaina. Da yamma saƙon yaron ya shigo wayar Hansai, ta karanta min shi da Turanci sannan ta fassara, wai ko ban ji ba. Cewa ya yi: Baba bai zo ba, aiko wani ya yi.

Lahadi ta yi ta zuwa tana wucewa. Hansai ta daina maganar, wanda ya fi maganar ciwo. Zubaida ce ta sa min sabon faifan a waya ba tare da na ce ta sa ba. Wata safiya ina hanyar kai kujeru Dagenham na haɗa shi da rediyon mota. Gaskiya ni ban taɓa son kiɗan nan ba, har gobe hayaniya ce a wurina. Amma da gurnanin ya taso sai na ji shi a ƙirji daidai yadda nake jin sa ta bangon van a wancan zamanin. Da aka zo waƙa ta uku, a bayan muryata sai na ji wani abu da babu shi a tsohon faifan, ko kuma yana nan datti ya rufe shi: ƙarar injin tsohuwar motata, da wani ƙwas-ƙwas da take yi in an sa giyar baya. Na sauka gefen titi na kashe mota. Wato yaron nan zama ya yi watanni da kunnensa a kan wannan, yana share ƙasa daga kan muryar ubansa a hankali. Ni kuma aka tambaye ni sau biyu.

Washegari da hantsi na karkata da motar aiki na nufi Lewisham. Wurin aikinsu a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa yake, an toshe bakin an sa ƙofar ƙarfe. Wani saurayi Bature ya buɗe min. Yana ganina fuskarsa ta washe, ya ce a'a, ai kai ne baban. Sai kuma dariyar ta mutu a bakinsa. Ya nuna min wata ƙofa a ƙarshen lungu. A jikin ƙofar an liƙa farar takarda mai gam, an rubuta kalmomi biyu da baƙin alƙalami, manya. Karatuna bai yi nisa ba, amma waɗannan na karanta su, tun da daga bakina suka fito: Useless boy.

Na ƙwanƙwasa. Yana zaune gaban wani faffaɗan tebur mai maɓallai. Ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe ni yadda aka koya masa, ya jawo min kujera. Na tambaye shi takardar ƙofa. Ya ce abokan aikinsa ne suka liƙa, wasa suke. Na ce me ya hana shi cirewa. Ya ɗaga kafaɗa.

Na fara yi masa bayanin ɗan fari, da bakin mutane, da yadda mahaifina ya yi da ni. Ya dakatar da ni. Ya ce duk ya sani, Umma ta gaya masa tun yana ƙarami, Malam ma ya sake gaya masa. Yana magana yana haɗa Turanci da Hausa, duk inda Hausar ta ƙare masa ya tsallaka.

"Ka yabi Kingsley. Ka yabi matar. Baba, har van ka yaba."

Na kawar da kai, ya ci gaba.

"Ni ban ce ka yi min waƙa ba. Da ka yi shiru ma da ya fi."

Na ce tun da shi gwanin cire datti ne, ko zai iya cire wannan wurin daga hirar. Ya ce daga kwafi ɗaya zai iya, amma abin yana wayoyin mutane, kuma ko da zai yiwu ba zai cire ba. Ya ce na faɗa, an ji, shi ke nan.

Muka zauna. Jirgi ya wuce ta samanmu, ɗakin ya ɗan girgiza. Ni ban iya ba da haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tambaye shi to yanzu me yake so in yi. Ya juyar da kujerarsa. Sannan ya nuna wani ɗan ƙaramin ɗaki a gefe, mai tagar gilashi, da makirfo a tsaye a ciki.

"Ta yi maka tambaya ba ka amsa ba. Shiga ka amsa. Ba kowa, ba rediyo. Nawa ne ni kaɗai."

Na ce wannan wane irin wasa ne. Ya ce ba wasa ba ne, in kuma ba zan iya ba ba komai, yana da aiki.

Na shiga. Ƙofar mai nauyi ce, tana rufuwa duniya ta ɗauke. Na cire hula na sa abin kunne. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har haɗiyar yawuna ina ji. Ta gilashi ina ganinsa yana taɓa maɓallai, bai kalle ni ba. Sai muryar matar ta shigo kunnena, da fara'arta, tana tambayata me na ji a raina da na saurari aikin da ya yi. Ya tsayar daidai nan.

Na yi lodin sifikoki ni kaɗai a cikin taɓo, na tsaya gaban 'yan sanda da karnukansu, ban taɓa jin tsoro kamar a ɗakin nan ba. Na kalli ƙasa na ce aikin ya yi kyau. Na ce na ji injin motar. Na ce ban san akwai mai iya wannan ba, kuma wanda ya iya ɗin ɗana ne.

Ya danna wani abu, muryarsa ta shigo kunnena.

"Baba, allurar awon sauti ko motsi ba ta yi ba. Matso kusa ka sake."

Na ɗago na kalle shi ko ramuwa yake. Ba ramuwa ba ce, allurar yake nuna min da yatsa. Ashe a cikin maƙogwaro na faɗa. Na matso har leɓena na taɓa ragar makirfon, na sake faɗa, da muryar da nake yi wa mutane tsawa. Wannan karon na ga allurar ta tashi. Ya sunkuya kan tebur ya daɗe yana danne-danne, fiye da yadda nake ganin aikin ke buƙata.

Da na fito bai rungume ni ba, ni ma ban nema ba. Ya miƙo min hulata. Ya ce akwai masu zuwa ɗaukar waƙa yanzu, ya rako ni har lungu. Na tambaye shi Lahadi fa.

"Ba wannan ba, Baba. Ban huce ba tukuna. In na shirya zan kira Umma."

Na ce to.

Saurayin da ya buɗe min yana zaune a bakin ƙofa yana cin burodi. Ya miƙe da sauri ya ce min in sauka lafiya, da ladabi sosai. Na kasa haɗa ido da shi. Na fita na shiga mota, na kira matar da ke jiran katifarta a Catford tun safe na ce mata ina hanya.